Bahago da Allunan Masu Gas

Duk wanda ya taɓa bin babban titin da ya ratsa unguwar tasha ya karanta rubutun Bahago, ko da bai san fuskarsa ba. Shi ya rubuta allon mai aski, da na mai gyaran agogo, da na makarantar koyon ɗinki da ke saman bene, har da “Ba a ajiye mota a nan” na ƙofar asibiti, wanda ba mai bi amma kowa na yaba kyansa. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, kuma da wuya ka gan shi ba ɗigon fenti a gemu ko a bayan kunne. Yana ƙarami an sha buge masa hannun hagu don ya koma dama. Hannun ya ƙi, sunan kuma ya bi shi har furfura.

A garejin manyan motoci ya koyi sana'ar, wurin wani dattijo mai zana furanni a jikin tireloli. Matarsa ma a kan tsani ya same ta. An kira shi ya rubuta allon shagon mahaifinta, inda ake sayar da kwanuka, aikin da bai wuce yini ɗaya ba, sai ya hango ta tana jera kofuna. Kwana biyar ya yi a kan allon nan, kullum da harafin da bai yi masa ba. A rana ta biyar uban ya ce masa in dai ba allon zai aura ba, to ya sauko su yi magana. Sun haifi 'ya'ya huɗu, duk sun kama gabansu. Yana kiran matar Maman Auta, ita kuma tana ce masa Malam.

Da kwamfuta ta shigo gari aka fara buga allunan leda masu hoto, sana'ar irin su Bahago ta ja baya. Abokan aikinsa wasu suka koma fentin gidaje, wasu suka bar buroshi gaba ɗaya. Shi abin da ya riƙe shi allon farashi ne. Mai kayan da kuɗinsu ke hawa da sauka ba zai yi ta buga sabuwar leda kowane wata ba. Gara ya kira Bahago ya shafe tsohuwar lamba da farin fenti, ya jira ta sha iska, ya ɗora sabuwa da ja. A wannan titi kuwa ba masu canjin farashi kamar masu sayar da gas na girki. Su biyar ne, kowa da shagonsa, da sikelinsa, da tukwanen gas jere a ƙofa.

Rumfar Bahago tana jikin katangar tasha: benci ɗaya, gwangwanayen fenti, tsani, da wata doguwar ƙusa a jikin katako. Duk takardar da aka rubuto masa abin da zai sa a allo, a ƙusar nan yake soke ta, don kada gobe wani ya zo ya ce ba haka ya faɗa ba. Da Auta ta fara aiki ta saya masa waya mai ɗaukar hoto, sai ya ƙara wata ɗabi'a. Duk allon da ya gama sai ya ja da baya, ya karkata kai, ya ɗauki hotonsa ya tura wa 'ya'yansa, ko sun so ko ba su so.

Babba a cikin masu gas shi ne wanda ake kira Ciyaman, dogo mai fara'a, mai tarin makullai a hannu. A da kowane mai shago shi ke kiran Bahago a ranar da ya ga dama. Sai wata shekara Ciyaman ya fara zuwa rumfa da kansa, ya zauna a benci ya rubuta 'yar takarda ɗaya ya miƙa, ya ce a sa wannan lambar a allunan duka biyar kafin Litinin. Bahago ya ji daɗin tsarin ƙwarai. Fenti ɗaya zai dama, safiya ɗaya zai zagaya, a sallame shi sau biyar. Bai tambayi komai ba, don a ganinsa mai rubutu ba ruwansa da abin da aka rubuta.

Maman Auta ce ba ta ji daɗi ba. Ta ce a da in ta taka zuwa shagon ƙarshen titi tana samun sauƙi, yanzu ko'ina ta je bakinsu ɗaya, kamar uwa ɗaya ta haife su. Ta koma cika rabin tukunya, wani lokaci ta hura gawayi a tsakar gida tana tari. Ranar da Bahago ya yi ƙorafin ruwan wankansa bai yi zafi ba, ko kallonsa ba ta yi ba.

“Malam, kai ka rubuta kuɗin da hannunka,” in ji ta. “Ka je ka tambayi allon.”

Ya yi dariya, ya yi wankansa da ruwa mai ɗumi-ɗumi, maganar ta wuce.

Ana nan sai wata mata ta kama shago a kusa da kantin magani. Shekara talatin ta yi tana aikin jinya, da ta yi ritaya ta zuba kuɗin sallamarta a gas. Rabin unguwar ita ta yi musu allura suna yara, saboda haka ba mai kiranta da wani suna sai Nas. Ta zo rumfar Bahago da takardarta, ya duba, ya ga lambarta ta gaza ta sauran da ɗari uku a kilo. Ya ɗauka kuskure ne, ya nuna mata. Ta ce ba kuskure ba ne, ta duba abin da ta sayo da abin da za ta samu, kuma ribar ta ishe ta. Ya rubuta mata da shuɗin fenti, ya ƙara ɗan zanen harshen wuta a gefe, kyauta.

Kafin mako ya zagayo layi ya kai bakin kantin magani. Maman Auta ta cika tukunyarta fal, ta dawo gida a bayan babur tana riƙe da ita kamar jaririya. Ciyaman ya je wa Nas barka da buɗe shago, ya zauna ya sha ruwa, sannan ya ce mata a nan titin ana tafiya ne tare. Ta ce masa ta gode, amma ƙafafunta biyu suna nan lafiya. Bayan kwana goma motar babban dillali, wadda ke kawo wa kowa gas, ta fara wuce shagonta ba ta tsayawa. In ta buga waya a ce kaya sun ƙare, alhali tana kallon motar tana sauke wa maƙwabta.

Tukwanenta suka zama fanko. Ta gaji da ba mutane haƙuri da baki, ta sa Bahago ya rubuta mata ƙaramin allo: BABU GAS. Shekara arba'in yana rubutu, bai taɓa jan haruffan da suka yi masa nauyi kamar waɗannan bakwai ba. Ya ƙi karɓar ko sisi. A makon nan Ciyaman ya zo ya rubuta sabuwar takarda, an ƙara ɗari biyar, a ƙasa kuma ya rubuta: “Kada ka ƙara taɓa na Nas.” Bahago ya soke ta a ƙusa. Ya je ya yi aikin, amma ran nan bai tura wa kowa hoto ba.

Nas ba mai zama ta yi tagumi ba ce. Ta ji a rediyo cewa gwamnati na da hukumar da ke hana 'yan kasuwa haɗa baki a kan farashi, sai ta zauna ta rubuta ƙorafi shafi uku, ta kai da ƙafarta. Mutanen titi suka ce ta yi asarar kuɗin mota. Bahago kansa bai taɓa jin akwai irin wannan hukuma ba. Wata biyu shiru, har an fara mantawa, sai ga wata ƙaramar mota ta tsaya, wata matashiya mai tabarau ta fito da jaka a kafaɗa. Jami'ar bincike ce. Ta shiga shagunan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karɓe ta hannu bibbiyu, kowa ya ce shi da kansa yake yanke farashinsa, in ya zo daidai da na maƙwabci to dacewa ce kawai. Babban dillali kuma ya ce mantuwar direba ce.

Da ta fito daga shago na biyar sai ta tsaya a tsakiyar titi tana kallon allunan. Jan fenti iri ɗaya, lambobin duk sun ɗan karkata hagu. Ta tambayi mai sayar da lemo wa ke wannan rubutu, ya nuna mata katangar tasha.

Ta gaishe da Bahago da ladabi, ta kira shi Baba, ta yaba hannunsa har ya fara murmushi. Ya share mata benci. Da ta faɗi inda ta fito, murmushin ya ragu. Ya ce shi dai mai fenti ne, bai san laifin da ke cikin mutum biyar su sayar da kaya kuɗi ɗaya ba.

“Ba laifi ba ne farashi ya zo ɗaya, Baba,” in ji ta. “Laifin shi ne a zauna a ƙulla, a ce kada kowa ya sauko, wanda ya sauko kuma a toshe masa hanyar kaya. Ka ga mai saye ba shi da inda zai gudu ke nan. Mun san an yi, amma sani daban, hujja daban.”

Idonsa ya kai kan ƙusar nan ya dawo. Ya ce mata ta dawo gobe.

Da la'asar ya koma gida da wuri, abin da ba ya yi. Ya tarar da Maman Auta tana tsintar shinkafa a faranti, ya zauna kusa da ita ya kwashe labari ya faɗa mata. Ya ce allunan nan biyar su ne rabin abincinsu, kuma zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa: hukuma za ta yi hukuncinta ta tafi, shi za a bari da mutanen titi. Ya ce Ciyaman bai taɓa yi masa rowa ba, ranar auren Auta ma shi ya ba da aron kujeru. Ta bar shi ya gama. Sannan ta tuna masa daren nan da ba a manta ba, lokacin da ɗansu na biyu ya kwanta rai a hannun Allah, da yadda Nas ta tsaya a kansa a asibiti har ya tashi. Ta ce ba ta ce ya yi wa kowa ƙarya ba, ba ta ce ya ƙara ko wasali ɗaya ba.

“Abin da ke jikin ƙusa dai ba kai ka rubuta ba. Ka miƙa musu, su karanta da idonsu. Abinci kuwa, tun kafin a yi gas muke ci.”

Washegari ya zare takardun gaba ɗaya, ya ware na Ciyaman. Talatin da ɗaya suka kama, wasu da tambarin babban yatsan Bahago na jan fenti, kowacce da lamba, da ranar da za a fara, da “duka biyar” a ƙasa. Jami'ar ta jera su a kan benci tana karantawa, da ta zo kan ta ƙarshe sai ta cire tabarau ta goge. Ya miƙa mata wayar ma. Ashe kowane hoto yana ɗauke da rana da sa'ar da aka ɗauke shi, abin da Bahago bai taɓa sani ba. Ga alluna biyar nan a safiya ɗaya, sau da sau, shekara uku. Ya tambaye ta ko za ta iya ganin har da hotunan jikokinsa. Ta ce tana gani, ya ce to ta duba mai jar riga, ita ce ta fi wayo.

Abin bai zo da sauri ba. Sai da aka yi wata shida ana kai takardu ana kawowa, kafin a kira zama a wani babban ɗaki mai fankoki a ofishin hukumar. Maman Auta ta sa shi ya wanke gemu sau uku da sabulu, ta goge masa rigarsa mafi kyau, amma da suka zauna sai ta hango ɗigon shuɗi a kunnensa, ta kai hannu, ya kauce. Mutum uku ne a kan teburin gaba. Masu gas suna gefe guda da lauyansu, Nas tana ɗaya gefen da jakarta a cinya.

Lauyan ya miƙe ya tambayi Bahago ko ya yi karatun sanin rubutun hannu a wata makaranta. Ya ce bai yi ba. Lauyan ya ce to ta yaya zai rantse cewa wannan rubutun Ciyaman ne.

“Ranka ya daɗe, a gabana yake rubutawa, a kan bencina,” in ji Bahago. “Ko ba haka ba, shekara arba'in ba abin da nake kallo sai haruffa. Huɗunsa kamar kujera ce da ƙafa ɗaya ta karye. Na sha ce masa ya bari in gyara masa ita.”

Ɗakin ya ɗauki dariya, har na tsakiyar teburin ya sunkuyar da kai yana gyara takardu. Ciyaman ma sai da gefen bakinsa ya motsa. Bayan an dawo daga hutun rabin sa'a, mai ƙaramin shagon gas da ke kan kwanar titi, wanda dama a dole yake bin sauran, ya ɗaga hannu. An riga an gaya musu doka na sassauta wa wanda ya fara faɗin gaskiya. Ya faɗi ɗakin da suke taruwa a bayan shagon Ciyaman, ya faɗi yadda suka je wurin babban dillali suka ce in ya ƙara sauke wa Nas kaya su biyar za su koma wani wuri. Daga nan lauya bai ƙara doguwar magana ba.

Hukuma ta ci su tara, kowa gwargwadon girman shagonsa, na kwana ya samu rangwame. Ta ci dillalin tara mafi tsoka, ta umarce shi ya sayar wa duk mai lasisi ba zaɓe. Ta kuma haramta musu sake zama a kan farashi, ta ce za ta riƙa leƙowa.

Ranar da motar gas ta tsaya a ƙofar Nas, mai kantin magani ya bar kantinsa a buɗe ya fito kallo. Direban ya sauko yana ta gaisuwa kamar ya dawo daga doguwar tafiya. Nas ta ciro ƙaramin allon nan ta kai wa Bahago, ta ce ya san yadda zai yi da shi. Ya shafe kalmar farko, ya rubuta AKWAI, ya ƙara harshen wuta har biyu. Kafin azahar mata sun cika ƙofar da tukwanensu, ana ta barkwanci, wata tsohuwa tana cewa allurar Nas da zafi amma gas ɗinta da sanyi.

Abin da Bahago ya ji tsoro ya faru, amma bai kai yadda ya zata ba. Masu gas huɗu suka daina gaishe shi, aiki ya yi ƙasa, ya yi wata biyu yana yawan zama a benci. Sai dai labari ya zaga. Mai gidan burodi ya kira shi, wata makaranta ta ba shi katanga guda ya zana haruffa da dabbobi, masu shayi suka daina karɓar kuɗinsa har sai da ya yi musu faɗa. Yara suka laƙaba wa lamba huɗu “karyayyar kujera”, malamin lissafi ya zo har rumfa yana ƙorafi yana dariya.

A can titi kuma farashi ya fara motsi. Nas ta sauko, na kwana ya sauko ƙasa da ita, wani ya ce zai kai wa mutum tukunya har gida kyauta. Masu fushi da Bahago suka gwada alli, ruwan sama ya wanke. Suka gwada leda ta kwamfuta, kafin a bugo ta farashin ya canza. Wani ya ba ƙaninsa buroshi, aka wayi gari ba mai iya bambance bakwai da ɗaya, masu saye suka yi ta rigima. Ɗaya bayan ɗaya suka dawo, kowa da irin tasa gaisuwar mai kunya, kowa da takardarsa a ranarsa. Aikin ya ninka na da, har Maman Auta ta fara cewa sai ta nemi izini kafin ta ga mijinta.

Ciyaman ne na ƙarshe. Wata safiya ya tsaya a bakin rumfa yana kaɗa makullai, ya yi sallama, ya tambayi iyali. Bahago ya amsa, ya matsa masa a benci.  Can Ciyaman ya ce tarar ta yi masa zafi, kuma ya yi wata uku ba ya son jin sunan fenti. Ya ce amma abin da ya fi ba shi haushi, matarsa ta gaya masa ita ma a ɓoye wurin Nas take aikawa a cika mata tun farko. Bahago ya yi ƙoƙarin riƙe dariya, ta ƙwace masa, Ciyaman ma ya biye masa har yana share ido.

Suka tafi shagon tare, Bahago da tsani a kafaɗa, Ciyaman riƙe da gwangwanin jan fenti nesa da rigarsa. Bahago ya hau, ya shafe tsohuwar lamba, ya jira ta bushe, ya tsoma buroshi, sannan ya leƙo ƙasa ya tambayi nawa za a sa. Ciyaman ya waiwaya. Ya dubi ƙarshen titi, inda layi ya fara taruwa kusa da kantin magani.

“Ɗan dakata,” in ji shi. “Bari in taka in ga abin da matar nan ta sa yau.”

Bahago ya gyara zama a saman tsani, ya ɗora buroshi a bakin gwangwani. Mai lemo ya ɓare ɗaya ya miƙo masa sama. Yana sha yana kallon Ciyaman yana tafiya da sauri-sauri a gefen titi, yana yi kamar wani wuri daban za shi.